Sunan Da Ke Kan Takardar Haya

Shafi na 19

Da sunan Allah. Masu cewa na bar ku a tasha tun ranar Talata, ku yi haƙuri, wuta ce ba mu samu ba. Ga inda muka tsaya.

Ƙarfe tara da 'yan mintuna jerin motocin Shinkafi ya tashi daga Kaura Namoda, motar sojoji a gaba, bas-bas na haya a tsakiya, ƙananan motoci a baya. Jalaluddeen ne na uku daga ƙarshe. Motar Alhaji Labbo yake tuƙawa, mai ita kuma yana zaune a gefensa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Saura kwana goma sha ɗaya ya tafi Umara da mahaifiyarsa, Inna Nana. Gwiwoyinta ba sa jure hawa da saukar bas, shi ya sa ya yanke shawarar karɓar hayar mota a Jidda ya tuƙa ta da kansa har Madina. Shi kuwa malamin lissafi ne, tuƙinsa bai wuce daga gida zuwa makaranta ba. Da ya nemi shawara a tasha, kowa ya nuna masa Alhaji Labbo, aminin marigayi babansa, wanda ya yi tuƙi a Saudiyya kafin ya dawo ya zama mai motocin haya. Labbo ya ce ya zo ya gwada hannunsa a tasa motar, su kai wa Inna gaisuwa, su yi maganar a hanya.

"Cire ƙahwar hagun nan daga wurin birki," in ji Labbo. "Wagga mota ba ta da kuloci. Ƙahwa guda ke aiki, gudar ta huta. Motocin haya na can galibi haka suke."

Jalaluddeen ya janye ƙafar.

"Lasisin ƙasa da ƙasa, ka amso?"

"Na karɓo a Gusau ranar Litinin, Baba."

"To ka haɗa shi da naka na gida da fasfo, wuri guda. Kada ka bar ko guda a masauki. In sun miƙo maka makulli, kada ka shiga. Ka kewaya motar tukuna, ka ɗauki hoto da waya, gaba, baya, gilashi, tayoyi. Ko ƙwarzane ka gani kamar na akaihwa, ka nuna musu su rubuta. Ka buɗe but ka ga safaya da jak da idonka."

"To."

"Ka tambayi irin man da take sha. Ka dubi inda allurar mai ta tsaya, nan za ka maido musu da ita. Inshora kuma ka ce cikakke kake so, ba rabi ba."

Motar da ke gabansu ta kauce wa wani rami, Jalaluddeen ya bi sawunta. Gonakin gefen hanya wasu an nome, wasu ciyawa ta cinye su shekara ta biyu ke nan.

"Can babu mai tsai da kai a hanya ka ba shi haƙuri," Labbo ya ci gaba. "Kyamara ce a saman ƙarhe. Ba ta san kai baƙo ne ba, ba ta san uwarka na mota ba. Lambar da anka rubuta a allo, ita za ka bi. Kuma ka bar wanga hon naka, tun Kaura sau shidda ka danna."

Jalaluddeen ya yi ɗan murmushi. Tun yana yaro ya san mutumin nan. Shi ke kawo musu buhun gero duk kaka, shi ya kai shi makarantar kwana a Zurmi da akwatinsa na ƙarfe, shi ya tsaya masa ranar ɗaurin aurensa. Bai taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba.

"In kun gama Umara, kada ka kama hanya ranar. Ka kwana, ka ƙoshi da barci. Hanyar Madina miƙe take, ba rami, ba kwana, ba akuya. Ita ke sa mutum barci ido buɗe."

"Ai da rana zan yi tafiyar."

"Da rana ne ma."

Labbo ya faɗi haka yana kallon gaba. Suka wuce shingen farko.

A Moriki jerin ya rage gudu saboda garken shanu da ake korawa kasuwa. Masu sayar da ruwa da tuwon madara suka bi gefen motoci da gudu. Sojan da ke bayan motar gaba ya ɗaga hannu, aka ci gaba. Daga nan har kusa da Badarawa ba a tsayawa saboda 'yan bindiga. Kowane direba ya san haka, wanda tayarsa ta fashe ma kan ja ta a kan ƙarfe har inda akwai mutane.

Sai da gidajen Moriki suka ɓace a madubi Labbo ya sake magana.

"Saura guda. Wanda sunanshi ke kan takardar haya, shi ke tuƙi. Ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ko gajiya za ta kashe ka, kada ka ba kowa makulli. Kada kuma ka yarda wani ya ce ka ara mishi sunanka."

"Wa zan ba, Baba? Daga ni sai Inna."

"Abin da anka hwaɗa maka game da rasuwar babanka, mi ne ne?"

Jalaluddeen ya dube shi, ya mayar da ido kan hanya.

"Hatsarin mota tsakanin Jidda da Madina. Ina shekara shida. Kai ka kawo labarin."

"Ni na kawo."

"An ce shi ke tuƙi, barci ya ɗauke shi."

"Ni ke tuƙi."

Motar ta ɗan karkata gefe. Jalaluddeen ya dawo da ita layi.

"Riƙe sitiyari da kyau," in ji Labbo. "Ka ji ni har ƙarshe."

Ya ba da labarin da murya ɗaya, kamar mai karanta wa wani adireshi. A lokacin baban Jalaluddeen, Malam Abdulaziz, yana aiki a wani shagon littattafai a Madina, yana da takardun zama, yana da lasisi ko da yake ba ya son tuƙi. Shi Labbo aikin Hajji ya je ya maƙale, ba shi da takardar komai. Wasu mata 'yan kasuwa suka nemi a kai su Jidda da kayansu. Labbo ya yi ta bin abokinsa kwana uku yana roƙo, har Abdulaziz ya je ya karɓi hayar mota da sunansa, ya miƙa masa makulli a bayan gari. Suka kai matan lafiya. A hanyar dawowa ne, bayan azahar.

"Ban san sa'ad da idona ya ruhe ba. Wani mutum ne ya tsaya gehen hanya shina canza taya. Na buge shi, na bugi motarshi, tamu ta juya ta tsaya kan ƙahwahunta. Mutumin nan take ya cika. Ni ko ƙwarzane babu."

"Babana fa?"

"Jini ta kunne, jini ta hanci. Na kira sunanshi, na girgiza shi, na sa kunne a ƙirjinshi ban ji komi ba. Ko akwai, ko tsoro ya hana ni ji, Allah ya sani."

"Sai ka yi me?"

"Sai na jawo shi na zaunar da shi mazaunin direba."

Jalaluddeen ya ƙara riƙe sitiyari.

"Na ce a raina, sunanshi ke kan takarda, kuma matacce ba a tsare shi. Ni in anka kama ni, ba takarda, ba lasisi, ga rai a hannuna. Na ɗora hannunshi kan sitiyari. Na bi bayan duwatsu da ƙahwa. Kwana goma bayan nan na kai kaina inda ake kama marasa takarda, anka sako ni jirgi."

A gabansu wata bas ta cika da buhunan albasa, wata mata a kujerar baya tana gyara wa jaririnta hula. Jalaluddeen ya lura yana ƙirga buhunan, ya daina.

"Ka ga gawarsa?"

"A'a."

"Ka ga an binne shi?"

"A'a."

"Amma ka zo ka ce wa kakana ka yi masa sallah."

"Na ce."

"Babu wanda ya bincika?"

"Wa za shi bincika? Ba waya lokacin. Mutanenmu na Madina daga bakina sunka ji kahin in taho, hatsarin kuma can nesa da su ya auku. Kakanka alƙali ne, amma ya dube ni ya ce shaidata ta ishe shi. Anka yi sadaka, Innarka ta shiga takaba."

Jalaluddeen ya dubi gefen hanya, daji ne kawai da wata makarantar firamare da aka cire wa ƙofofi.

"Da gangan ka bari sai da muka wuce Moriki."

"Da gangan. Nan kai ba ka iya tsayawa, ni kuma ba ni iya sauka. Sau huɗu ina zuwa gidanka da maganar nan, sai in sha ruwa in tashi."

"To ka gama?"

"Ban gama ba."

Labbo ya juya hular da ke gwiwarsa.

"Shekara bakwai bayan nan wani alhaji na Badarawa ya dawo daga aikin Hajji, ya neme ni a tasha, ya ba ni ambulan. Ya ce wani ya ba wani, wani ya ba shi, bai san na wa ba ne. Na buɗe na ga rubutun ajami. Tun kahin in karanta na gane hannun."

Jalaluddeen ya taka birki ba tare da ya sani ba. Motar da ke bayansu ta danna hon mai tsawo.

"Taka totur," in ji Labbo. "Kada ka bar rata."

Ya taka.

"Bai mutu ba," Jalaluddeen ya ce.

"Bai mutu ba. Wata biyar ya yi asibiti ba ya magana. Da ya warke anka kai shi gidan yari, tunda shi anka iske a mazaunin direba, sunanshi kuma ga shi a takarda."

"Bai gaya musu ba shi ba ne?"

"Ya rubuta cewa da hwarko bai tuna komi ba. Daga baya ya tuna. Ya ce bai ambaci sunana ba, ba za shi ambata ba. Abu guda ya roƙe ni, in je in hwaɗa wa mahaihinshi da matarshi shina raye."

"Ka je?"

"Ban je ba."

"Me ya sa?"

"Kakanka ya rasu lokacin. Innarka kuma shekara ukku ke nan tana gidan Alhaji Sirajo, tana goyon Mubaraka. In je in ce mi? In ce mijinki na raye, auren da kike ciki ba aure ba ne? Ɗiyar da ke bayanki kuma a kira ta mi a garin nan?"

"Saboda Mubaraka ka yi shiru."

"Haka nake ce wa kaina."

"Ba saboda kanka ba."

"Har da kaina. Kaina ne ma gaba."

Jalaluddeen ya tuna ƙanwarsa Mubaraka, wadda yanzu take koyarwa a firamare a Shinkafi, tana zaune da Inna tun rasuwar Alhaji Sirajo. Ya tuna yadda take kiransa Yaya Malam. Bayan ita sai hoton babansa guda ɗaya da suke da shi, mai rawani fari, wanda shekara talatin da ɗaya yake kallo yana cewa Allah ya jiƙansa.

"Ka ba shi amsa?"

"A'a."

"Ya sake rubutowa?"

"Ni dai ban sake samu ba."

"Yanzu yana ina?"

"Ban sani ba. Ko ya hito, ko shina ciki, ko ya rasu da gaske. Sau biyu na koma aikin Hajji da takarduna cikakku, ban tambayi kowa ba."

"Gero fa da kake kawo mana?"

Labbo ya mayar da ido kan hular da ke gwiwarsa.

"Da ranar aurena da ka tsaya a matsayinsa?"

"Ba ni da abin da zan ce maka kan wannan."

Suka wuce Badarawa. Jerin motocin ya fara warwatsewa, masu sauri suka fara wuce juna. Yanzu ana iya tsayawa, amma Jalaluddeen bai tsaya ba.

"Me ya sa yau?"

"Ranar da ka zo tasha ka ce za ka yi hayar mota a Jidda ka bi hanyar Madina, na koma gida ban iya cin abinci ba. Za ka bi ta wurin da uwarka a mota, kana yi mishi addu'ar matattu."

"Takardar da ya rubuto maka tana nan?"

Labbo ya sa hannu a aljihun gaba na rigarsa, ya fito da wata leda da aka naɗe, ya ajiye ta a tsakaninsu kusa da giya. Jalaluddeen bai taɓa ta ba.

"Inna ba za ta ji wannan daga bakinka ba," ya ce. "Hawan jini gare ta. Za mu shiga, ka gaishe ta kamar kullum, ka sha ruwa, mu juya kafin la'asar. Ni zan san yadda zan yi."

"Yadda ka ce."

"Kuma daga yau kada ka sake zuwa gidana."

"To."

Sha ɗaya da rabi suka shiga Shinkafi. Ya ajiye motar a ƙofar gida, ya ɗauki ledar ya sa a aljihu, ya yi sallama a zaure. Labbo ya biyo shi a baya, ya mayar da hularsa.

Inna Nana tana zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa, ta miƙe ƙafafu, tana tsince wake a faifai. Ba ta kiran sunan ɗanta na fari, Ɗan Malam take ce masa.

"Ɗan Malam, kun iso lahiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Inna. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi."

Labbo ya durƙusa daga nesa.

"Malama, mun same ku lahiya?"

Ta dube shi, ta dubi ɗanta, ta dubi hannun ɗan nata da ke dafe da aljihu. Ta ajiye faifan a gefe.

"Ya hwaɗa maka ke nan."

Jalaluddeen ya tsaya inda yake.

"Ya faɗa min me, Inna?"

"Zauna. Kai ma Labbo zauna, ka daina wanga durƙuso, gwiwarka ba ta hi tawa ba."

Suka zauna.

"Tun ranar da ya ce kai za ka koya mishi tuƙin can na san za a zo nan," ta ce wa Labbo. "Ka kai mishi har ina? Har mazaunin direba?"

Labbo ya sunkuyar da kai.

"Inna, wa ya gaya miki?" in ji Jalaluddeen.

"Miƙo abin da ke aljihunka."

Ya fito da ledar ya ba ta. Ta warware a hankali, ta buɗe takardar da ta yi ja saboda tsufa, ta nisanta ta da idonta, ta karanta layi biyu ko uku. Ta ninke ta mayar.

"Hannunshi ne. Amma wagga ta biyu ce."

"Ta biyu?" in ji Labbo.

"Kai kana zaton mutum za shi zauna shekara bakwai a tsare bai nemi matarshi ba sai abokinshi? Ya rubuto maka ne don bai ji amsa daga wurina ba. Ya zaci tawa ba ta iso ba."

"Ta iso?" Jalaluddeen ya tambaya.

"Ta iso. Tana cikin akwatina, ƙarƙashin kayan takaba."

Labbo ya cire hularsa ya sake riƙewa a hannu.

"Malama, shekarun nan duka ina zuwa gidan nan, kin sani?"

"Na sani. Kai kana kallona kana jin tsoro, ni ina kallonka ina jin tsoro. Kowa ya riƙe nashi."

Jalaluddeen ya dubi mahaifiyarsa. Fuskarta yadda ya saba ganinta take, babu hawaye, babu rawar murya.

"Inna, yaushe takardar ta zo miki?"

Ta ɗauki ƙwayar wake guda daga faifan ta jefar.

"Inna."

"Wata huɗu kahin a ɗaura min aure da Sirajo."

Labulen ɗakin da ke bayanta ya ɗaga. Mubaraka ce tsaye, riƙe da tiren ruwa da kofi biyu.